Tafiyar Jego Daga Auyo Zuwa Zanzibar: Inda Shiri Ya Tsaya Da Abin Da Ya Tsayar Da Shi

A watan Satumban 2024 labari ya iso wani gida a ɗaya daga ƙauyukan Auyo, a Jihar Jigawa, cewa 'yarsu da ke aure a tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya tana da juna biyu, kuma ana sa ran haihuwa a farkon Fabrairu. Mijinta malami ne, yana koyarwa a can da takardar izinin zama. Haihuwar fari ce, wadda a al'ada gida ake dawowa a yi, to amma likita ya hana ta doguwar tafiya. Sai aka yanke shawarar mahaifiyarta, Hajiya, ta je ta yi mata jego, tare da ɗanta namiji mai shekara 27 a matsayin muharrami. Alhaji, mai gidan, manomin shinkafa ne, shi zai biya kuɗin fasfo da guzuri. Surukin ya ɗauki nauyin biza da rabin kuɗin jirgi.

Wata huɗu da 'yan kwanaki suke da su a hannu. Kuɗi bai gagara ba, lafiya ma ba ta hana ba, amma Hajiya ba ta sauka Zanzibar ba sai makon farko na Maris, jaririya tana da kusan wata guda, suna ya daɗe da wucewa. Abin da ya jawo haka shi ne takardun tafiyar a jere suke, kowace tana jiran ta gabanta: lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ke buɗe fasfo, lambar fasfo ke buɗe katin rigakafin cutar shawara da biza, biza ke ba da damar sayen tikiti. Gidan ya fara ne a makare, kuma ya tsallake layi sau ɗaya.

Fasfo da sunan da bai zo ɗaya ba

Makon farko da aka rasa, na jiran kaka ne, kuma ya zama makonni shida. Alhaji ya ce a bari a yanke shinkafa a sayar tukuna. Hujjarsa tana da ƙarfi ga tikiti, wanda shi ne babban kuɗin, amma ba ta shafi fasfo ba. A lokacin fasfo mai shafi 32 na shekara 5 naira 50,000 ne, mai shafi 64 na shekara 10 naira 100,000 (daga 1 ga Satumban 2025 an ninka su zuwa 100,000 da 200,000). Tunkiya ɗaya ta isa a fara tun Satumba.

Hajiya ta yi aikin Hajji a 2017, don haka kowa a gidan ya ɗauka tana da fasfo. Da aka ciro shi daga ƙasan akwati, ya ƙare tun 2022. Ko da bai ƙare ba, Tanzaniya na bukatar ya zama da sauran aƙalla wata shida daga ranar shiga. Ɗan kuwa takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS yake da ita, wadda ya saba ketara Maigatari da ita, kuma ba ta aiki a gabashin Afirka.

A ofishin shige da fice na Dutse aka gano babbar matsalar. Tsohon fasfon yana ɗauke da sunanta da na mijinta. NIN ɗinta kuwa, wanda aka yi mata cikin cunkoson haɗa layukan waya da NIN a 2021, yana ɗauke da sunanta da na mahaifinta, ga shekarar haihuwa ta bambanta da shekara biyu, domin mai rajistar kintata kawai ya yi. Na'urar fasfo daga rumbun NIN take janyo bayanai, in suka saɓa ba ta wucewa. Wannan matsala ta zama ruwan dare a karkara: Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, sunan gari a matsayin sunan mahaifi, Hauwa'u a nan, Jummai a can saboda da shi aka fi saninta. Hanya biyu ce. Ko a canza bayanan fasfo, wanda sai an sami amincewar hedikwata a Abuja kuma ya fi jan lokaci, ko a gyara NIN a hukumar NIMC mai ba da lambar. Tunda shekarar da ke fasfon ita ce ta gaskiya, NIN aka gyara, da takardar rantsuwa daga kotu da shaidar shekarun haihuwa daga hukumar ƙidaya. Bayan an gyara ma sai an jira sabon bayanin ya bayyana a na'urar shige da fice kafin a ɗauki hoto da zanen yatsu. An ɗauki nata a ƙarshen Nuwamba, littafin ya fito a ƙarshen Disamba.

Akwai wani abu da ya ƙara jinkirin wanda ba na hukuma ba ne. Surukin ya san tun farko cewa ya kamata a duba takardun, amma kunya ta hana shi tambayar surukarsa shekarunta da yadda aka rubuta sunanta. Saƙo yakan bi ta wurin matarsa, ya je ga ƙaninta, sannan ya isa ga Hajiya, amsa ta biyo wannan hanya ta dawo. Kunyar tana da muhallinta, kuma ba sai an taɓa ta ba: a naɗa mutum ɗaya mai waya da karatun boko tun ranar farko, ya ɗauki hoton kowace takarda ya tura, shi ne kuma zai riƙa magana da mai masauki kai tsaye.

Bizar da ba a karɓa a filin jirgi

Mutane da yawa na jin cewa Tanzaniya na ba da biza a filin jirgi, kuma gaskiya ne ga 'yan ƙasashe da dama. A lokacin wannan tafiya Najeriya na cikin jerin ƙasashen da sai an miƙa buƙatarsu ga hedikwatar shige da fice ta Tanzaniya ta amince tukuna, tare da Nijar da Chadi da Mali da wasu. Ana cikewa ne ta intanet a shafin hukumar, kuɗin biza ta shiga ɗaya dala 50 ne, kuma hukumar da kanta ta shawarci irin waɗannan matafiya su nema aƙalla wata biyu kafin tafiya, kada kuma su biya kuɗin jirgi sai amincewa ta fito. Irin waɗannan dokoki suna canzawa, don haka shafin hukumar ake dubawa a ranar da za a nema, a bar jita-jitar tasha.

Abin da aka haɗa: hoton shafin bayanan fasfo, hoton fuska mai farin bango, wasiƙar gayyata daga surukin da ta faɗi dangantaka da adireshi da tsawon zama, kwafin fasfonsa da izinin zamansa, da takardar ajiye kujera ta zuwa da dawowa daga wakilin sayar da tikiti. Ajiye kujera daban, biyan kuɗi daban, kuma a nan gidan ya tsallake layi. An cike biza a makon farko na Janairu. Kwana uku bayan haka wakilin ya bugo ya ce akwai tikiti mai rahusa na ƙarshen wata, in ba a biya yau ba ya tafi. Alhaji ya kira ɗan.

"Kai, ka biya kawai. Kuɗi na hannu, kada su narke."

"Baba, an ce a jira bizar tukuna."

"Biza ai ta Allah ce. Uwarku ba ta barci saboda yarinyar nan."

Aka biya. Tikiti mafi arha shi ne mafi tsaurin sharuɗɗa: ba a mayar da kuɗi, canza rana kuma sai an biya tara haɗe da bambancin farashin sabuwar ranar. Ƙarshen Janairu ya zo babu biza. Abu ɗaya da ɗan ya yi daidai, wanda ya ceci kuɗin, shi ne ya sa aka ɗage tikitin kwana biyu kafin ranar tashi. Da ya bari jirgin ya tashi ba su je ba, da an rubuta su cikin waɗanda ba su bayyana ba, wanda tararsa ta fi yawa, wani tikitin ma mutuwa yake yi gaba ɗaya har da na dawowa. Biza ta fito bayan mako bakwai, a ƙarshen Fabrairu.

Sai sabon abu da ko surukin bai sani ba, tunda shi mazauni ne. Daga 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorar gwamnatinta, dala 44 kowane mutum, tana aiki har kwana 92, ko da mutum yana da wata inshorar daga gida. Ana saye ta intanet, a buga takardar mai lambar da ake haskawa. Biza biyu da inshora biyu sun kama dala 188, a lokacin da dala ke sama da naira 1,500.

Katin rigakafi da maganin hawan jini

Najeriya ƙasa ce mai cutar shawara, don haka duk wanda ya fito daga ita sai ya nuna katin rigakafinta a Zanzibar. Tun 2019 aka koma sabon katin da ke da rajista a intanet: a cike da lambar fasfo, a biya ta Remita, hanyar biyan kuɗin gwamnati, a kai rasit da fasfo ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, akwai shi a filin jirgin Malam Aminu Kano. Allurar sau ɗaya ake yi a rayuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka a dokokinta tun Yulin 2016, amma wanda aka yi wa yau katinsa ba ya fara aiki sai bayan kwana 10. Ɗan bai taɓa mallakar kati ba. Jinkirin bizar ne ya ba shi kwanakin, domin da tafiyar ƙarshen Janairu ta tabbata, da kwana shida kacal allurarsa ta yi. Katin da ake sayarwa a bakin filin jirgi ba tare da allura ba, ban da kasancewarsa na jabu da ake iya ganewa in an haska, yana barin mutum ba kariya. Mai ciki, da jariri ƙasa da wata tara, da mai tsananin rashin jituwa da ƙwai, da wanda ya haura 60, sai sun ga likita kafin allurar.

Hajiya na da hawan jini, tana shan ƙwaya ɗaya kullum, kuma a gida mai kemis ke ƙirga mata na sati a ƙullin leda. Ba a shiga jirgi da magani haka. An je asibiti a Haɗeja aka auna ta, likita ya rubuta takarda da sunan asalin maganin da ƙarfinsa, aka sayi na dukan zaman da ƙarin mako biyu, a kwalinsa, aka sa a jakar hannu don akwati na iya makara. Tramadol da maganin tari mai kodin ba a kusantar kaya da su ko kaɗan. Zazzaɓin cizon sauro ya ragu sosai a Zanzibar, amma bai ƙare ba, gidan sauro yana nan da amfaninsa musamman ga jaririya.

Kayan jego a kan sikeli

Nan ne aka fi kai ruwa rana. Hajiya ta haɗa abin da kowace uwa za ta haɗa: garin kunu, kanwa, yajin jego, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, man shanu a galan, kilishi, turaren wuta, da damin ganyen darbejiya na wanka. Maƙwabta kuma kowa ya kawo nasa ƙullin. Tikitinsu ya ba kowa akwati biyu masu kilo 23, da jakar hannu kilo 7. Kilo 23 ɗin na kowane akwati ne, ba a cewa wannan 30 wancan 16. An auna a sikelin masu sayen shinkafa kafin a bar gida, abin da ya kamata kowa ya yi.

Nama da kayan madara da ɗanyen ganye da iri suna buƙatar takardar hukumar killace kayan gona, in babu ana iya ƙwace su a kowane ɓangare. Aka cire kilishi da man shanu da ganyen. Darbejiya tana nan birjik a Zanzibar. Kanumfari da citta da masoro da kirfa kuwa can ake noma su, kanumfarin Zanzibar da Pemba ya yi suna a duniya, ɗaukar su daga Jigawa ɓata kilo ne. Abin da ya cancanci gurbi shi ne wanda ba a samu a can: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, garin kunu. An zuba kowanne a roba mai murfi, an naɗe da salatif, an rubuta sunansa a jiki da Hausa da Turanci. Dalili biyu ne. Jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a Kano sukan buɗe duk garin da ba a san ko mene ne ba, farar kanwa ta fi kowanne jawo tambaya. Na biyu, iskar tsibiri cike take da laima, kukar da za ta shekara a rumbu a Auyo tana iya dunƙulewa ta yi fumfuna cikin 'yan makonni in an bar ta a buɗe. Ga kuma dokar Tanzaniya da ta hana shiga da ledar zuba kaya tun 1 ga Yunin 2019, don haka duk baƙar ledar da ke akwatunan sai da aka fitar.

Kanwar dai an rage ta ƙwarai, kuma da gangan. Likitocin zuciya a Zariya da Kano sun daɗe suna danganta yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Mai jegon da likita ya riga ya sa wa ido tun tana da ciki, a garin da zufa ba ta bushewa, ta fi kowa buƙatar a sassauta mata. An gaya wa Hajiya wannan tun a gida, ta bakin ma'aikaciyar jinya da take jin maganarta, don kada ya zama gardama tsakaninta da suruki a can.

Ƙullin maƙwabta duk an kwance an duba. Wani kuma a Kano ya roƙi ɗan ya kai wa ɗan'uwansa saƙo a rufe, ya ƙi. Duk abin da aka samu a akwatin da ke da sunanka, naka ne a gaban shari'a.

Tufafi: atamfa da yadi marar nauyi na auduga, hijabi mai shara-shara, takalmin roba. Leshi mai nauyi da shadda mai sitaci azaba ne a can. Maris a Jigawa zafi ne busasshe, a Zanzibar ma'auni bai cika wuce 33 ba amma jiki a jiƙe yake yini. Jinkirin ya kuma tura su bakin babbar damina ta tsibirin, wadda ke sauka daga Maris zuwa Mayu, sai aka ƙara lema. An bar rigar sanyi ɗaya a jakar hannu saboda Addis Ababa, birnin da ke sama da mita 2,300 a kan tsauni, ga sanyin cikin jirgi.

Kuɗi, waya, da ranar tashi

Ba a canza naira a Zanzibar, shilin Tanzaniya ake kashewa, dala ake kaiwa a canza. An sayi dala a Wapa da ke Fagge, aka duba kowace takarda: bugun 2009 zuwa sama, babu yagewa, babu rubutu ko tambarin ɗan canji, domin masu canji a can sukan ƙi tsofaffi, kuma takardar 50 da 100 ta fi ƙanana daraja wurin canji. Akwai hanyar banki ta guzurin matafiya, har dala 4,000 a wata uku, da fasfo da biza da tikiti, amma a lokacin, bisa dokar Fabrairun 2024, a kati ake zubawa, ba a ba da tsaba. An raba kuɗin biyu, rabi a lalitar Hajiya, rabi a wurin ɗan. Layin Najeriya an bar shi a waya saboda saƙon banki. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, turaren ruwa da ya wuce mililita 100 kuma a babban akwati.

Sun kwana a Kano. Daga Auyo tafiyar sa'a uku zuwa huɗu ce in hanya ta yi kyau, kuma jirgin sama mai fita ƙasar waje ana isa filinsa sa'a uku kafin tashi. Ethiopian Airlines suka bi, Kano zuwa Addis Ababa, sannan Zanzibar. An nema wa Hajiya keken guragu tun wurin gyara tikiti, kyauta ne, kuma amfaninsa ya wuce hutun ƙafa: ma'aikaci ne zai tura ta har ƙofar jirgi na biyu a filin Bole na Addis Ababa, wanda ke da girma da ruɗarwa ga baƙo. Agogon Habasha da na Tanzaniya suna gaban namu da sa'a biyu, lokacin da ke jikin katin shiga jirgi kuma na garin da ake ciki ne. An gargaɗi ɗan cewa wasu jiragen kan ya da zango a Kilimanjaro, kada su sauka sai an ce Zanzibar. Tafiyar ta faɗo a kwanakin farko na azumi, Hajiya ta ɗauki rangwamen matafiyi saboda maganinta da shan ruwa.

A filin jirgin Abeid Amani Karume an nemi katin rigakafi, takardar inshora, takardar amincewar biza, da tikitin dawowa. Duk a buge suke a takarda, kwafi biyu, domin waya na iya mutuwa kuma babu intanet a layi. Lambar surukin da adireshinsa suna rubuce a wata takarda cikin jakar Hajiya, ko da za a raba layin uwa da ɗa. Ɗan ya duba adadin kwanakin da jami'in ya rubuta a hatimi kafin ya bar tagar, tunda shi ne iyakar zamansu, kuma bizar ba ta wuce kwana 90.

Abubuwa uku aka koya musu a daren farko. Alƙibla a Zanzibar arewa take, don haka Hajiya da ta saba fuskantar gabas sai da aka nuna mata bango. Mutanen tsibirin mafi yawansu Musulmi ne 'yan mazhabar Shafi'iyya, za ta ga ɗan bambanci a salla kada ya dame ta. Kuma in ɗan gari ya faɗi lokaci da Swahili, daga fitowar rana yake ƙirgawa, ƙarfe ɗayansa shi ne bakwai na safe, abin da kan sa baƙo ya saɓa alƙawarin asibiti. Ɗan, wanda ya girma yana iyo a kogin Haɗeja, an ja masa kunne game da teku: a gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ruwa kan janye nesa ƙwarai sau biyu a yini ya kuma dawo da sauri, ƙasan kuma akwai halittu masu ƙaya da ke huda tafin ƙafa.

Hajiya ta samu kwana goma sha na ƙarshen arba'in, ta ƙara wata biyu tana riƙon jika. Da an fara gyaran NIN a makon da labari ya zo, da fasfo ya fito a farkon Nuwamba, a cike biza a makon, amincewa ta zo kafin ƙarshen Disamba ko da ta ɗauki mako bakwai ɗin nan, a sayi tikiti sau ɗaya da kuɗin shinkafar da aka riga aka sayar, ta sauka mako biyu kafin haihuwa.